Goge Huɗu, Babu Ɗan Amshi

Kafinta a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa ya san cewa teburi ba ya tsayuwa daidai sai ƙafafunsa huɗu sun zo ɗaya. A kan irin wannan hikima aka gina wani salon kiɗa na Turai da ake kira kwatet, wato kiɗan goge huɗu: biyolin biyu masu siririyar murya, biyola mai matsakaiciya, sai celo mai kauri. Babu ganga, babu mawaƙi, babu mai ba da umarni da sanda.

Da farko biyolin na ɗaya ne ke jan ragama, sauran ukun suna bin sa tamkar 'yan amshi. Joseph Haydn na ƙasar Ostiriya, wanda ya tsara irin wannan kiɗa sama da 60, shi ya sauya lamarin. A jerin da ya kammala a 1781, karin da biyolin ya ɗauko yakan faɗa hannun celo, mai rakiya ya koma jagora, jagora ya koma mai rakiya. Kiɗan ya zama hira tsakanin tsara huɗu.

Abin lura shi ne yadda magada suka ɗora. Mozart ya zauna da rubutun Haydn ya nazarce shi, sannan a 1785 ya fitar da guda shida ya sadaukar masa. Beethoven ya tsara 16, na ƙarshensu a 1825 da 1826, lokacin da kurumta ta riga ta rufe masa kunne. Béla Bartók na Hungari ya bi ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913, ya zuba abin da ya koya daga kiɗan manoma a cikin nasa guda shida. Kowannensu ya sami abin da zai yi jayayya da shi, domin aikin na gabansa yana nan a rubuce.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar kiɗan tsirkiya ba ce. Akwai goge, wanda ake yi da ƙoƙo da fatar guza da izgar doki, akwai garaya da molo da gurmi. Ƙirƙira ma an yi ta. Ibrahim Na Habu ya fito da kukuma, ƙanwar goge, ta karɓu a birane, Garba Supa da Hassan Wayam suka ɗora. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zagaya duniya da shi. Bambancin yana wajen gado. Makaɗin Hausa yakan koya ne ta hanyar bin ubangida shekara da shekaru, ilimin yana zaune a yatsa da kunne. In yaro bai tsaya ba, ranar da ubangida ya kwanta dama salonsa ya bi shi. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, kuma a ɗakunan naɗar waƙa na Kano fiyano ya daɗe da maye gurbin tsirkiya.

Ba a ce goge ya koma biyolin ba. Ƙungiyar Kronos ta Amurka ce ma ta nemo mawaƙan Afirka, irin su Hamza El Din da Foday Musa Suso, ta fitar da faifan Pieces of Africa a 1992. Abin da ya rage wa mutanen gida aiki ne na haƙuri: a tattaro tsoffin kaset da faifan gidajen rediyo na Kano da Kaduna kafin su lalace, a zauna da makaɗan da ke raye a naɗi yadda suke ɗaura tsirkiya da yadda suke jan izga, a rubuta. Matashin da zai sabunta kukuma gobe yana bukatar ya fara jin yadda Na Habu ya goga ta jiya.