Abin da maƙwabtanmu Kiristoci ke riƙewa ranar tsanani

Jama'ar Sabo. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan, ga shi an haura shekara ɗari muna zaune da Yarbawa da Ibo, kasuwa ɗaya, mota ɗaya, layin mai ɗaya. Da yawansu Musulmi ne, da yawa kuma Kiristoci. Mun san mai biyan bashi kan lokaci a cikinsu, mun san wanda sai an bi shi har gida. Amma in aka tambaye mu me Kirista ke yi ranar da duniya ta juya masa baya, kaɗan ne cikinmu za su amsa. Mu da muka tsufa a bakin rumfa mun ga wasu abubuwa, kuma ya kamata yaranmu su ji.

Shekarun nan ba su raga wa kowa ba. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha ya tashi daga 'yar sa-in-sa, aka rasa rayuka, rumfunan kowane ɓangare suka ƙone. Farkon 2023 takardun naira suka ɓace, mutum da kuɗinsa a banki amma ba na cefane. Ranar 29 ga Mayun wannan shekara aka cire tallafin mai, kuɗin ɗauko buhu daga Arewa ya yi tashin gwauron zabo. A Janairun 2024 kuma ga fashewar nan ta Bodija da ta rushe gidaje. Babu ɗaya cikin waɗannan da ta tsaya tambayar addinin wanda ta faɗa wa.

Abu na farko da muka lura da shi, safiya. Matan da ke sarin tattasai da albasa a hannunmu, yawancinsu ba sa kwance bakin buhu sai sun tsaya, sun rufe ido, sun yi addu'a. Akwai wadda kusan kowane Kirista ya haddace tun yana yaro, suna cewa Annabi Isa, alaihis salam, shi ya koya wa almajiransa. A cikinta abincin ranar kawai suke roƙo, ba na wata ba, ba na shekara ba. Lokacin ƙarancin kuɗi wata dattijuwa da muka shekara ashirin muna ciniki ta rage sarinta daga buhu biyu zuwa rabin buhu. Muka ce, "Mama, wannan zai riƙe gida kuwa?" Ta ce, "Alhaji, na yau aka ce mu roƙa. Gobe ma Mai bayarwa yana nan." Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana yana lissafin jarin da ya narke ya san nauyin wannan magana.

Na biyu, godiya a bainar jama'a. Ku duba sunayen 'ya'yansu: Oluwaseun, wato an gode wa Allah, Chinedu, wato Allah ne jagora. Ranar Lahadi a coci mutum kan miƙe ya ba da shaida, ya ce motarsa ta kife amma ya fita da rai, ko shagonsa ya ƙone amma yaran da ke kwana ciki sun tsira. Ba asarar yake lissafawa ba, abin da ya rage yake lissafawa. Wajen ƙarshen shekara suna bikin godiyar kaka, kowa ya kawo doya ko ayaba ko kuɗi gwargwadon hali. Daren 31 ga Disamba kuma a coci suke kwana, su tsallaka sabuwar shekara da addu'a. Wannan kiɗa da ke hana mu barci a daren, to ku sani a cikin masu yinsa akwai wanda ya binne ɗa a shekarar.

Wannan ɗabi'a tana da tushe. Masu fararen rigunan nan da muke cewa Aladura, a cikin wahala aka haifi tafiyarsu. Lokacin annobar mura ta 1918, da magani ya gagara, wasu 'yan cocin Angilikan a Ijebu-Ode suka haɗa ƙungiyar addu'a. A 1930, ana tsakiyar karyewar farashin koko, wa'azin Joseph Ayo Babalola a Ilesa ya tara dubban mutane. Ita kanta kalmar "adura" ta Yarbanci da "addu'a" tamu tushensu ɗaya ne a Larabci. Har gobe, Juma'ar farko ta wata, direbobinmu sun san cunkoson masu zuwa kwanan addu'a a kan hanyar Legas.

Na uku, ba sa barin mai makoki shi kaɗai. Suna yawan karanta labarin Annabi Ayuba a Littafinsu, kuma a ruwayarsu abokansa uku sun zo sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Haka muke gani in an yi rashi a layin da ke bayanmu: zumuntar mata ta ɗora tukunya, matasa su jera kujeru, a yi karo-karo a biya kuɗin asibitin da mamacin ya bari. Yanzu kuma ga sabon kaɗaici, 'ya'ya sun tafi Ingila da Kanada neman abinci, tsofaffi sun rage a gida sai addu'ar asuba ta WhatsApp. Cocin ne ke leƙa su.

Ba kuma bakinsu ɗaya a komai ba. Akwai fastocin da ke cewa ka ba da kuɗi a ninka maka, akwai dattawan da ke jin haushin hakan, suna cewa Almasihu bai yi wa kowa alkawarin rayuwa ba wahala ba. Shi ya sa suke riƙe azumin kwana arba'in kafin Ista. Kada mu manta, a cikin masu zuwa cocin nan akwai 'yan Arewa daga Kudancin Kaduna da Filato, da Hausa suke ibada, da Hausa suke kuka.

A aƙida mun sha bamban, su sun sani, mu mun sani, ba sai an shafa wa juna mai a baki ba. Amma haƙƙin maƙwabci yana wuyanmu, kuma ba ka iya yi wa mutum jaje in ba ka san abin da yake dogara da shi ba. In an yi masa rashi, ka je, ka zauna, ko ba ka ce komai ba ya fahimta. In ta zo da rabin kuɗin kaya ta ce saura sai Allah ya hore, kada ka ɗauka wayo ne kafin ka bincika. In ka wuce suna waƙa, ka kama bakinka.

Matasanmu musamman, ku ne a tasha, ku ne a kan babur, ku ne wuta ke fara kamawa. Shasha ta nuna mana cewa kalma ɗaya na iya cinye jarin shekara talatin. Wanda ka taɓa zama a gidan makokinsa, da wuya ya ɗauko maka fetur da ashana. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, balle ga wanda ke cin abinci a garin wasu.

Allah ya yaye mana tsanani, mu da su, ya ba mu na yau cikin rufin asiri. Amin.