Kwaɗin Moustapha Alassane da bayan kayen 'ya'yanmu

 Yau muna son mu yi hira kan zane, kuma za mu bi ta kan wani ɗan ƙasarmu da aka fi sanin sunansa a waje fiye da gida, wato marigayi Moustapha Alassane. An haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015, Allah ya jiƙansa. Mutanen Tawa sun san shi da otel ɗin da yake riƙe da shi a garin, inda ya yi shekarunsa na ƙarshe. Da yawa daga cikin matasan da ke wucewa ta ƙofar wurin ba su san cewa dattijon nan yana cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka ba, abin da yaranmu ke kira desin anime.

Bai fara da kyamara ba. Tun yana yaro zane yake yi, sai ya samo dabarar zana hotuna a kan farar ledar nan da ake naɗe kwalin taba da ita, ya haska su da fitila ta cikin akwati, hoton ya fito a bango, mutane su taru suna kallo. Ya yi kanikanci kuma. Wannan ya yi masa rana daga baya, don mutum ne da in na'ura ta ƙi aiki zai kwance ta, in babu ita ya harhaɗa tasa. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fina-finai, ya koyi aikin silima a cibiyar binciken da ake kira IRSH a yau. Daga nan ya tafi Kanada, inda ya zauna da Norman McLaren, wanda ya shahara da zana hoto kai tsaye a kan zaren fim. Bayan haka ne ya fitar da La Mort de Gandji, sannan Bon Voyage Sim a 1966.

A wannan na biyun muke son mu ɗan daɗe. Fim ne na wajen minti 5, baƙi da fari, babu ado. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyarar aiki a wata ƙasa. Ga rakiya, ga jirgi, ga faretin sojoji, ga tarba, duk kwaɗi ne. Shekara 6 kenan da samun 'yancin kai, lokacin da sababbin shugabannin Afirka ke ta kai wa juna ziyara da shagulgula. Wanda duk ya taɓa tsayawa cikin rana bakin hanya yana jiran wucewar manya zai gane abin da ake nufi ba sai an fassara masa ba. Kwaɗo da kumburin wuya da ƙaton ciki da 'yan ƙafafu, yana tafiyar ƙasaita. Wallahi ko yau aka saka shi a wata fada sai an yi dariya, kuma kowa zai ambaci sunan wanda ya tuna masa.

To, daga ina irin wannan basira ke fitowa? Mu a nan mukan ce baiwa ce, mu rufe magana. Akwai baiwa, ba mu musa ba. Amma ku yi lissafi da mu. Fim na silima hoto 24 yake gudu a kowace daƙiƙa. Minti 5 daƙiƙa 300 ne, wato hoto 7200. Masu wannan sana'a suna da dabarun rage aiki, kamar ɗaukar zane ɗaya sau biyu ko maimaita tafiyar da aka riga aka zana, amma duk da haka sai mutum ya zana abu guda sau ɗaruruwa, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa. Hannun da bai saba da zane kullum ba, ba zai iya ba. Idon da bai zauna bakin tabki da damina ya ga yadda kwaɗo ke tattara ƙafafunsa kafin ya yi tsalle ba, shi ma ba zai iya ba. Kwaɗon nan kowa na jin kukansa da dare, kowa na tsallake shi a tsakar gida. Shi ya tsaya ya dube shi.

Haka ya yi da kokowa. Mu 'yan Nijar mun san matsayinta, tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. A fim ɗinsa Kokoa, 'yan tsana ya ƙera, kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye, ya sa su a fili suna kokowa, ga makaɗa ga 'yan kallo. Ana matsa ɗan tsana kaɗan a ɗauki hoto, a sake matsawa a sake ɗauka. Mai yin haka dole ya san yadda ɗan kokowa ke sunkuyawa yana neman ƙafar abokin karawarsa. Abin da ke gabansa ya ishe shi, bai je aron labarin wasu ba. Ko lokacin da ya yi fim ɗin kaboyi, Le Retour d'un aventurier, a 1966, samarin ƙauyenmu ya nuna suna sanye da kayan Amurka suna tayar wa mutane da hankali.

Yanzu mu dawo gida. Kusan kowane aji a lakwal akwai yaro ɗaya ko yarinya da bayan kayensu ya cika da zane: babur, raƙumi, ɗan ƙwallo, wani lokaci har fuskar mushe. Me muke yi in mun gani? Mafi yawanmu faɗa muke yi, an ɓata kaye, an ɓata bik, kuɗi ne. Gaskiya ne kuɗi ne, kuma uban da ya sayi kaye da ƙyar yana da hujjar jin haushi. Sai dai abin da yaron ke yi a shafin ƙarshe shi ne ainihin atisayen da kowane mai zane ke yi: ya ga abu, ya gwada, bai yi ba, ya sake. A ganinmu tsohuwar takarda da guntun kiriyon sun fi bulala arha. A ce masa ga wannan, ka bar kayen lissafi ya huta, kuma ka zana mana akuyar gidan nan kamar yadda take, ba wadda ka gani a tele ba.

Akwai masu cewa zane ba namu ba ne, na nasara ne. Su je unguwar Birni a Damagaram su dubi bangon tsofaffin gidaje. Su tambayi masu ɗinkin babbar riga, ai kafin allura ta taɓa yadi sai mai zane ya fitar da aska takwas ko aska biyu a kai. Ga masu sassaƙa ƙwarya, ga dukawa, ga 'yan matan da ke ƙunshi, waɗanda da yawansu a takarda suke fara gwada fulawa kafin su taɓa hannun amarya. Maganar zana abu mai rai kuwa, mun san akwai bayanin malamai a kai, kuma kowane gida da abin da ya ɗauka. Wanda ya tsaya a kan haka, fagen na da faɗi: gini, tufafi, taswira, rubutun allon shago, zayyanar da mahaddata ke yi wa allo.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne hannun ne ke mutuwa. Masu zana allon aski da na mai gyaran rediyo suna raguwa, kowa ya koma buga bash a kwamfuta, da hoton wani baƙo da aka ciro daga intanet. Yanzu ma waya na iya haɗa maka hoto cikin daƙiƙa kaɗan. Ba mu ƙi na'ura ba, shi kansa Moustapha Alassane da tsufansa ya koma aiki da kwamfuta a Tawa, yana koya wa matasa. Amma shi ya zo mata da ido da hannun da suka yi shekara da shekaru suna aiki.

A 2017 babban gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shirya nuna fina-finansa. Mu nan, ku tambayi ɗan lise ko ya taɓa ganin Sim, ku ji amsa. Yawancin gidajen silima sun rufe, shi kuwa da ransa har ƙauyuka yake bi da mota yana nuna wa mutane fim. Muna roƙon masu kula da gidajen matasa da na al'adu, da diraktocin makarantu, musamman na Tawa, su nemo waɗannan gajerun fina-finai ta hanyar da ta dace su nuna wa yara, ko sau ɗaya a shekara, sannan a raba musu takarda. Wanda kuma ke da yaro mai zane a gida, ya ɗauki hoton aikinsa ya turo mana, da sunan garinku kawai, za mu saka a wannan shafi.