Kwalbar da Ba a Aunawa

Mai karatu, akwai wata al'ada a gidajen cin abinci na Ingila da takan ɗaure wa baƙo kai. Sai ka ga an manna haruffa uku a gilashin ƙofa, BYO, waɗanda ma'anarsu ita ce ka zo da naka. Abin da ake nufi da naka kuwa shi ne abin sha, galibi giyar inabi. Mutum zai biya ta kanti ya sayi kwalbarsa, ya riƙo ta a leda, ya ajiye a kan tebur, masu gida su kawo masa kofuna da abin buɗewa.

Al'adar tana da tushe a doka. Dokar lasisi ta 2003 ta wajabta wa duk mai sayar da barasa a Ingila ya mallaki lasisi, amma ba ta hana mai gidan abinci ya bar baƙonsa ya sha wadda ya zo da ita ba. Shi ya sa ta yi ƙarfi a wurare irin su titin Ladypool na birnin Birmingham, inda 'yan asalin Pakistan da Kashmir suka buɗe gidajen abinci, da yawansu ba sa sayar da giya amma ba sa hana a shigo da ita. Wasu gidajen masu lasisi ma sukan yarda, sai dai su karɓi abin da ake kira kuɗin buɗe kwalba, don su rage asarar ribar da za su samu da a wurinsu aka saya.

Kana iya tambaya, me ya haɗa mai karanta Hausa da wannan zance? Hukuncin giya a addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, ni kuma ba na sha. Amma ni mai harhaɗa magunguna ce a wani asibiti a ƙasar nan, kuma na san 'yan uwanmu da yawa, likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai, suna samun kansu a irin wannan tebur. Idan watan Disamba ya kama, kusan kowane sashe na asibiti yakan shirya liyafar ƙarshen shekara, kuma sau da yawa irin waɗannan gidaje ake zaɓa, saboda abincinsu halal ne ga wanda ya damu da haka, kuma mai sha ya huta da tsadar giyar gidan abinci. A teburin nan akwai mai sha, akwai wanda ba ya sha, akwai kuma wanda ya haɗiyi magani kafin ya fito daga gida bai gaya wa kowa ba. Da dukansu nake magana.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: ranar da mutum ya kawo kwalbarsa, ya bar ma'auni a waje. A gidan da ke da lasisi, ba a zuba giyar inabi da ka. Doka ta ƙayyade awon kofi, mililita 125 ko 175 ko ninkinsu, kuma kowane kofi yana shiga takardar lissafi. Mai sha yana ganin kuɗi na hauhawa, sannan dole ya jira mai kawo abinci kafin a ƙara masa, kuma doka ta hana a sayar wa wanda ya riga ya bugu. Waɗannan duka birki ne, ko da mutum bai lura da su ba. Idan kwalbar taka ce, an riga an biya kuɗinta, tana gabanka, aboki na ƙara maka tun kofin bai yi rabi ba, kuma ba wanda ke son komawa gida da ragowa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A aikina na ga inda karin maganar nan ba ta kai ba, domin idon da ya sha kofi ɗaya ba ya ƙara sanin kimar na biyu.

Bari mu yi lissafin da teburin ba ya yi. A nan ana auna barasa da abin da ake kira yunit, wato mililita 10 na tsantsar barasa, kimanin giram 8. Kwalbar giyar inabi da aka saba gani tana ɗaukar mililita 750. Idan ƙarfinta kashi 13 cikin 100 ne, kamar yadda ake rubutawa a jikinta, to tana ɗauke da yunit kusan 10. Babban kofi mai mililita 250 sulusin kwalba ne, ya haura yunit 3. Tun shekarar 2016 manyan jami'an lafiya na Birtaniya suka ba da shawarar kada namiji ko mace su wuce yunit 14 a mako, kuma a rarraba su a kwana 3 ko fiye. Ke nan mutum biyu da suka raba kwalba ɗaya, kowannensu ya cinye fiye da sulusin makonsa a zama guda. Hanta kuwa ba ta gaggawa: kimanin yunit ɗaya take sarrafawa a awa. Wanda ya shanye kwalba shi kaɗai ya tashi ƙarfe 11 na dare, yana iya kama sitiyari ƙarfe 7 na safe da sauran barasa a jininsa. Gahawa da wanka da ruwan sanyi ba sa rage wa hanta ko minti ɗaya na aikinta.

Inda abin ya fi shafar sana'ata shi ne haɗuwar barasa da magani. Hantar da ke sarrafa barasa ita ce ke sarrafa yawancin magunguna, ita ce kuma ke sakin suga cikin jini idan ya yi ƙasa. Idan aka ɗora mata barasa, sai ta fara da ita, sauran ayyukan su jira.

Masu ciwon suga su ne na fi jin tsoro a kansu, musamman mai yin allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin su gliclazide da glibenclamide. Barasa tana hana hanta ƙera sabon suga, maganin kuma yana ci gaba da saukar da wanda ke cikin jini. Faɗuwar ba lallai ta zo a kan tebur ba. Takan zo bayan awanni, cikin barci, wani lokaci har washegari. Abin da ya ƙara muni, alamominta sun yi kama da na maye: harshe ya yi nauyi, ƙafa ta yi tangaɗi, mutum ya rikice ko ya yi ta faɗa ba dalili.

Wata safiya ina zagayen duba magungunan waɗanda aka kwantar cikin dare, na iske wani dattijo da aka kawo bayan irin wannan liyafa. Abokansa sun ɗauka buguwa ce, suka kai shi gida suka kwantar a kujera. Matarsa ce ta ga gumin ya yi yawa, ta ɗauko na'urar gwajin suga, sannan ta kira motar asibiti. Na tambaye shi nawa ya sha, ya ce kofi biyu kacal. Na ce ya nuna mini girman kofin da hannunsa, ya nuna. Na tambayi sau nawa aka ƙara masa kafin kofin ya ƙare, sai ya yi shiru, can ya ce shi da abokinsa sun gama kwalbar da suka kawo sun buɗe ta maƙwabcinsu. Ba ƙarya ya yi mini da farko ba. Sau biyu ya ga kofinsa babu komai, shi ya sa ya ƙirga biyu.

Akwai sauran magunguna da ya kamata ka sani da sunansu. Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl kuma likitocin haƙori kan rubuta shi sosai, umarninsa shi ne kada a sha barasa muddin ana shansa har kwana 2 bayan an gama, saboda yakan jawo wa wasu amai da ciwon kai da zafin fuska da bugun zuciya. Warfarin, maganin tsinka jini, ƙarfinsa yakan ƙaru idan aka sha barasa da yawa lokaci guda, har ƙaramar faɗuwa ta zama zubar jini a cikin kai. Ibuprofen da diclofenac da asfirin suna cin bangon ciki, barasa ma haka, haɗuwarsu tana kusantar da gyambon ciki da aman jini. Tramadol da codeine da diazepam da maganin ƙaiƙayi irin Piriton duka suna sa barci, kuma uku na farkon idan suka haɗu da barasa suna iya danne numfashi. Magungunan hawan jini kan sa jiri idan mutum ya miƙe tsaye bayan ya sha. Metformin da shan barasa mai yawa suna iya tara wani tsami a jini mai haɗari. Mai shan maganin tarin fuka ko methotrexate kuwa, hantarsa ta riga tana ɗauke da kaya.

To, kai da ba ka sha fa? Kai ma kana da kwalbar da za ka kawo, kuma ita ma tana bukatar karatu. Da yawa daga cikinmu mukan sayi ruwan inabi mai kumfa wanda ba shi da barasa, don kada kofinmu ya zauna babu komai. Ka duba adadin da ke jikin kwalbar, kada ka tsaya ga manyan haruffan gaba, domin akwai waɗanda aka cire musu barasa amma suka rage da abin da ya kai kashi 0.5 cikin 100. Idan kana guje mata gaba ɗaya, nemi wadda aka rubuta 0.0. Sannan ka tuna ruwan inabi zalla yana da zaƙi ƙwarai, yakan kai giram 15 na suga a kowane mililita 100, fiye da lemon kwalba da yawa. Mai ciwon suga da ya shanye kwalba guda a kan shinkafa da burodi ya kauce wa rami ɗaya ya faɗa wani. Zoɓon da ka haɗa a gida ya fi, idan kai ka auna sukarinsa. Ruwan garehul kuma ba ya jituwa da simvastatin, maganin rage kitsen jini, da wasu magungunan hawan jini.

Amma babban amfaninka a teburin nan shi ne hankalinka yana tare da kai har a tashi. Idan ka ga wanda ka san yana da ciwon suga ya fara gumi ko rawar jiki ko magana ba kan gado, kada ka yanke cewa maye ne. A gwada sugansa idan akwai na'ura. Idan ya gaza 4 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, ko babu na'urar amma yana iya haɗiya, a ba shi ƙaramin kofi na ruwan 'ya'yan itace ko lemon kwalba mai sukari, a sake dubawa bayan minti 10 zuwa 15, sannan ya ci wani abu mai riƙe ciki. Idan ya fita hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a kira 999. Kuma duk wanda ya bugu har ba ya amsa kira, kada a bar shi shi kaɗai a ce barci zai warware masa.

Ga wanda ya yanke shawarar zai sha, shawarata a matsayina na ma'aikaciyar lafiya gajera ce. Ka ɗauko takardar da ke cikin kwalin maganinka ka karanta tun da rana, ko ka tsaya a kantin magani ka tambaya, ba a biyan ko kwabo a kan tambaya kuma ba za a yi maka wa'azi ba. Kada ka tsallake maganinka don ka samu damar sha, musamman na farfaɗiya ko na zuciya ko na tsinka jini, domin tsallakewar tana da nata haɗarin. Ka ci abinci kafin kofin farko. Kada ka yarda a ƙara maka sai kofin ya ƙare, ta haka ne kawai za ka iya ƙirgawa. Ka sa ruwa a tsakani. Kwalba mai murfin murɗawa ana rufe ta a koma da ita gida, ba dole sai an ga ƙarshenta ba. Motarka kuma ka bar ta a gida. Idan kina da juna biyu, shawarar jami'an lafiya ita ce kada ki sha ko kaɗan.

Mu a ɗakin magani ba ma miƙa wa kowa kwalba sai mun rubuta a jikinta nawa zai sha, sau nawa, da abin da zai guje wa. Kwalbar da ake shiga da ita gidan abinci tana ɗauke da abin da ke aiki a ƙwaƙwalwa da hanta da jini kamar kowane magani mai ƙarfi, amma ba wanda ya rubuta mata wannan takarda. Kafin gayyata ta gaba ta zo, ka san sunayen magungunan da kake sha, ka kuma san wanda zai zauna kusa da kai da abin da yake fama da shi, idan ya yarda ya gaya maka.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.