Likitan Kakata Yana Cikin Waya

Kakata tana da hawan jini. Mu muna Sabon Birni, likitanta kuma yana Sakkwato, kuma duk wanda ya san hanyar da ta bi ta Goronyo, da yadda 'yan bindiga ke tare ta, ya san ba a ɗora tsohuwa a mota saboda awo kawai. Sau ɗaya aka kai ta, ya duba ta ido da ido. Da za su taho sai ya ce wa Kawu ya sayi na'urar awon jini mai batir, a kuma samo yaro mai iya rubutu. Ni aka samo. A lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare.

Aikin ba shi da wuya, Kaka ce mai wuya. Sai ta zauna minti 5 ta jingina, hannunta a kan matashi daidai ƙirji, ba magana, kuma kada ta ci goro rabin awa kafin awo, domin yana iya ɗaga jini na ɗan lokaci. Ku dai gwada hana kakarku goro da surutu lokaci guda! Ina awo safe da yamma, in rubuta lamba biyu, ta sama da ta ƙasa, a littafin da na rage daga na lissafi. Ranar Juma'a in ɗauki hoton shafin da wayar Kawu, mu tura ta WhatsApp.

Kaka ba ta yarda ba da farko. Ta ce mini, "Ke kishiya, likitan da bai taɓa mutum ba, mi yas sani?" Ran nan ƙafafunta suka kumbura, maƙwabta suka fara kawo jiƙe-jiƙe. Na danna ƙafar da yatsa kamar yadda ya koya mini, na ɗauki hoto. Ya kira, ya tambaya ko tana haki, ko tana iya kwanciya rigingine. Sannan ya ce, "Inna, ɗaya daga cikin ƙwayoyinki ce ke kawo haka," ya canza ta. Kumburin ya sace. Daga ranar ta fara kiransa "ɗana na waya".

Ni abin da na lura shi ne, likitan bai san komai game da ita ba sai abin da na rubuta. Akwai makon da na yi lalaci, na cike kwana biyu da lambobin ƙarya. Bai gane ba, har ya ce jinin ya daidaita, a ci gaba haka. Ban yi barci ba daren nan. Da safe na faɗa wa Kawu, na sha faɗa, muka sake awo.

Shi da kansa ya gaya mana iyakar waya. In bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada mu tsaya neman sa, mu nufi asibiti mafi kusa nan take.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a katse wa 'yan bindiga sadarwa. Likitanmu ya ɓace tare da sabis. Na ci gaba da rubutu, shafi yana cika ba mai karantawa, lambar sama kuma tana hawa, har ta wuce 170. Kawu ya ari layin Nijar wurin wani abokinsa, ya hau babur ya nufi wajen iyaka inda yake kamawa, ya tura hotuna shida. Sai da ya koma washegari ya samu amsa, saƙon murya ne na minti ɗaya: a ƙara rabin ƙwaya, a rage gishiri da dunƙulen miya. Kaka ta sa aka kunna mata shi sau uku, tana amsa gaisuwarsa kowane karo.