Ranar da Wasiƙun Baba Suka Tashi Gida

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, Inna ta nuna mana tsohuwar kwamfutarsa da ke lulluɓe da zani a kusurwar zaure, ta ce, "Ku da kuka karanta abin nan, ku duba ko akwai abin da ya bari a ciki kafin ƙura ta cinye ta."

Mu biyu ne a gidan muka yi digiri a kimiyyar kwamfuta, rubuta manhaja kuma shi ne abincinmu a Kano. Muka ɗauka aikin rabin awa ne, mu gama mu bi hanyar Gwarzo mu koma birni kafin magariba. Sai da muka kwana biyu a Rimin Gado.

Baba malamin Hausa ne. Shekarun da Yaya yake karatu a Sudan, ta imel suke zance. Kwamfutar Windows XP ce, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2014, manhajar wasiƙun kuwa Outlook Express. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yadda aka saita ta. Akwai tsarin IMAP, mai barin saƙo a rumbun kamfani ka riƙa leƙawa daga ko'ina. Akwai kuma POP, wanda idan ba a hana shi ba yake kwaso saƙon ya goge na can. Na Baba POP ne. Akwatin Yaya na makaranta kuwa an rufe shi tun da ya gama. Wato duk zancen da uba da ɗa suka yi, babu shi ko'ina a duniya sai a faifai ɗaya mai ƙara kamar tsohon injin markaɗe.

Muka tayar da janareta. Kafin mu taɓa komai, muka kwafi jakar wasiƙun gaba ɗaya a wuri biyu. Outlook Express yana dunƙule kowane akwati a fayil guda mai ƙarshen dbx, tsarin da shi kaɗai ya san kansa sosai. Don haka muka buɗe shi, muka riƙa jawo saƙonnin waje a matsayin eml, kowane saƙo da fayil ɗinsa, sannan muka zuba su a Thunderbird a kwamfutarmu. Thunderbird, wanda Mozilla ta fitar a 2004, yana ajiya ne a tsarin mbox: rubutu ne tsagwaronsa, saƙo bayan saƙo, ko manhajar ta mutu za ka iya karantawa. Muka ƙirga kowane akwati kafin tashi da bayan sauka, kamar mai ƙirga buhunan gero a bakin rumbu.

Da muka buɗe wasiƙar farko, sai gabanmu ya faɗi. Duk inda Baba ya sa ƙ, sai muka ga Æ™. Shi mutum ne da ba ya yarda a rubuta ƙasa a matsayin kasa. Ɗaya bayan ɗaya yake nemo haruffa masu ƙugiya ya liƙa. Ashe ba su lalace ba. Da UTF-8 aka rubuta su, manhajar kuma tana karanta su da tsarin haruffan Yammacin Turai. Muna gyara wannan, ƙugiyoyin suka dawo, muryarsa ma ta dawo.

Daren nan babu wanda ya runtsa. Akwai faɗa kan kuɗin makaranta, akwai labarin damina, akwai farashin taki. Can cikin akwatin da aka aika, muka tarar da wasiƙar da ya rubuta wa Yaya game da gonar bayan gari. Mu tun tasowarmu tamu muka san ta, har mun sa ta a lissafin gado. Baba ya rubuta ƙarara cewa jingina ce. Maƙwabcinmu ne ya ba shi ita a shekarar da rashin lafiya ya kama shi, kuma duk ranar da 'ya'yansa suka kawo kuɗin, a mayar musu. Mutanen biyu duk sun rasu. A ƙasar da gona ke jingine da gona, babu ko taku ɗaya da ba mai shi, irin wannan mantuwa ce ke raba zumunci har jikoki.

Da safe muka karanta wa Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ku kira kawunku, a je a gaya musu." Aka cire gonar daga rabo.

Yanzu wasiƙun suna wuri uku, ɗaya a buge a takarda cikin akwatin Inna. Da muka koma Kano, abin da muka fara yi shi ne duba namu wasiƙun. Mu da muke yi wa kamfanoni ajiya, ashe namu ma kwafi ɗaya ne.