Mai Faranti, Mai Murya

'Yar uwa, a kudancin birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka akwai tsohuwar unguwar 'yan Italiya, a cikinta kuma akwai wani gidan abinci mai suna Victor Cafe, wanda masu kawo abincinsa su ne mawaƙansa.

Asalinsa shago ne. Wani ɗan ci-rani daga Italiya, John DiStefano, shi ya buɗe shi a 1918 yana sayar da garmaho da faya-fayai, maƙwabta 'yan garinsu sukan taru su saurari waƙoƙin gida don rage kewa. A 1933 ya mai da shi wurin cin abinci, zuri'arsa suka ci gaba da riƙe shi. Daga 1979 ne masu koyon waƙar opera suka fara aiki a ciki, suna ɗaukar faranti suna kuma rera waƙa. Ita opera wasan kwaikwayo ne wanda ake rera maganganunsa maimakon a faɗa, ta samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, kuma mawaƙinta ba ya neman lasifika, ƙirjinsa ne lasifikarsa.

Maigidana ne ya kai ni, lokacin da yake karatu a garin. Wurin ba wani ƙaton wuri ba ne, tebura a matse, bango cike da tsofaffin hotunan mawaƙa, ƙamshin tafarnuwa da man zaitun tun daga bakin ƙofa. Wata 'yar siririyar yarinya ta zo ta rubuta abin da muke so, taliya da miyar tumatir da jatan lande. Ta kawo mana burodi, ta goge ruwan da ya zuba, ta wuce da sauri don ana kiranta a wani teburin. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalle ta.

Can sai muka ji ƙararrawa. Nan take kowa ya ajiye cokali, wurin ya yi tsit. Sai ga yarinyar nan ta tsaya a tsakiya da kayan aikinta a jiki, ta ce za ta yi waƙar Mimi daga La Boheme na Puccini, wasan da aka fara nunawa a 1896. Mimi matalauciya ce mai ɗinkin furanni, tana zaune a ɗan ɗakin haya a birnin Faris, ciwon ƙirji na cin ta, amma tana gabatar da kanta ga saurayin da ta gamu da shi ba tare da kunyar talaucinta ba.

Wallahi da ta buɗe baki sai da tsigar jikina ta tashi. Ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba na ji, amma na ji kewa, na ji so, na ji rashi. Wata tsohuwa kusa da mu ta rufe ido tana motsa leɓe, da gani ta haddace waƙar tun ƙuruciya. Aka gama, aka yi tafi kamar rufin zai faɗo, ita kuwa ta ɗan rusuna, ta dawo teburinmu ta ce, "In ƙara muku burodi?"

Na ce, "Ƙanwata, ashe haka kike?"

Ta yi dariya ta ce da rana tana makaranta, da dare nan ne kuɗin hayarta.

Abin da ya tsaya min a rai, ba ta raina farantin ba, ba ta kuma bar farantin ya binne muryarta ba. Mu nawa ne muka ajiye abin da muka iya muka ce sai yara sun girma, sai aiki ya yi sauƙi? Wata ta iya zanen lalle, wata ɗinki, wata labarai ne cike da kanta ba ta taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba. Aikin gida kuwa ba ya ƙarewa, wanke-wanken yau shi ne na gobe.

A gidan nan kusan duk bayan minti 20 ake kaɗa ƙararrawa, waƙar kuma 'yan mintoci ce. Ke ma ki ware naki 'yan mintocin tsakanin sanwa da sanwa. Kuma duk wadda ta miƙo miki kwano, 'yar aiki ce ko 'yar talla, ki ɗaga kai ki dube ta, don ba ki san abin da ke ƙirjinta ba.