Taba Cikin Rigar Tuffa

A cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam, hanci shi ne mai gadin ƙofa. Kafin abinci ya kai baki, hanci ya riga ya yanke masa hukunci. Shi ke gaya wa uwargida miya ta yi tsami, shi ke ta da maigida cikin dare in wani abu ya kama wuta, shi kuma ke sanar da uwa inda ɗanta ya yini ko da yaron bai buɗe baki ba. Shekara da shekaru taba ba ta iya wuce wannan mai gadi ba, gama warinta yakan riga ta shiga gida. Amma a unguwannin zango na birnin Accra, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, an sami wata taba da ta koyi dabarar wuce shi.

Nima da maƙwabciyarta Maamobi unguwanni ne na baƙi tun asali. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya sami fili a hannun Gāwa masu ƙasa, mutane suka yi ta sauka kusa da shi har wurin ya zama gari. Akwai Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagwambawa da Farafara da sauran kabilu, Musulmi da Kirista, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da cikin lungu. Wanda ya ratsa Nima da asuba zai ji ƙamshin koko da ƙosai. Da hantsi sai na shinkafa da wake, wanda a can ake kira waakye. Ranar Laraba, da kasuwa ke ci, ga na albasa da daddawa da citta da busasshen kifi. Da dare kuma hayaƙin tsire da na shayin ataya. Kowane ƙamshi a nan yana da mai shi, kowa kuwa ya san abin da ke cikin tukunyar da ya fito.

Taba ma tana da nata wuri a cikin waɗannan. Tsofaffi sun san lofe, wanda ake cusa wa busasshen ganye a ɗora masa garwashi. Sun san taba gari da ake haɗawa da kanwa, wasu su shaƙa, wasu su guntsa. Sun san furen taba da mata kan goga wa haƙora tare da goro. Duk waɗannan ba sa ɓoye kansu. Yaron da ya saci zuƙa ɗaya a lofen kakansa yakan sarƙe, idanunsa su kawo ruwa, cikinsa ya juya. Wannan tari gargaɗi ne daga jiki, kuma ya kori yara masu yawa tun ranar farko. Wanda ya daure ya ci gaba, tufafinsa su ne ke tona masa asiri. Shi ya sa Hausawa suka ce taba ta bambanta da garin gero.

Sabuwar tabar ita ce wadda ake sha a tukunyar shisha. Larabawa suna kiranta mu'assal, wato abin da aka zuba wa zuma. Shan taba ta cikin ruwa tsohuwar al'ada ce a Indiya da Farisa da ƙasashen Larabawa, amma a dā aikin dattawa ne, ganyen kuwa mai ƙarfi ne da ɗaci. A farkon shekarun 1990 ne masana'antu a Masar suka fara fito da ita da ƙamshin 'ya'yan itatuwa, daga nan ta bazu cikin duniya kamar wutar daji. Sunaye irin su Nakhla na Masar da Al Fakher na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka zama sanannu a bakin matasa. Ganyen taba ne ake yankawa, a cuɗa shi da maɗi ko zuma, a ƙara gilisirin don hayaƙi ya yi kauri da fari, sa'an nan a zuba ƙamshi. Yawancin ƙamshin nan haɗin masana'anta ne, bai taɓa ganin gona ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, abin yana da daɗin ƙamshi, kuma wanda ya musa haka matasa ba za su saurare shi ba. In aka buɗe kwalin, abin da ke ciki ja ne ko ruwan ƙasa, mai danƙo, ya fi kama da alewa. Na tuffa yana da zaƙi mai nauyi wanda ke daɗewa a ɗaki. Na kankana da na inabi sun fi sauƙi. Na mangwaro yakan tuna wa mutum lokacin bazara, na na'ana'a kuwa yana sanyaya maƙogwaro har mai sha ba ya jin kaushin hayaƙin. Akan cusa shi a ɗan kasko a saman tukunyar, a rufe da farar takardar ƙarfe mai huji-huji, a ɗora garwashi. In aka ja tiyo, zafi ya sauko kan tabar, hayaƙi ya bi bututu ya ratsa ruwan da ke cikin kwalba yana ɓulɓul, ya iso baki da sanyinsa. Ba tari, ba hawaye. Mai gadin ƙofa ya ji ƙamshin tuffa, ya buɗe ƙofa.

Wannan dabara ta sa wa taba zaƙi ba yau aka fara ta a wannan gaɓar teku ba. A ƙarni na 17 da na 18, manoman Bahia ta ƙasar Birazil suna kasa tabarsu kashi uku. Mai kyau ta tafi Fotugal. Ta ukun, wadda doka ta hana a kai Fotugal saboda rashin kyanta, sai a murɗe ta kamar igiya, a shafe ta da maɗin rake don kada ta bushe ko ta lalace, a ɗauko ta zuwa Afirka ta Yamma. Zaƙin nan da ƙamshinsa suka sa mutanen gaɓa suka fi son ta. Bayan mutanen Holan sun ƙwace ganuwar Elmina a 1637, sai suka tilasta wa jiragen Bahia su tsaya a can, yamma da Accra, su ba da kashi ɗaya cikin goma na tabar kafin su wuce tashoshi irin su Wida a ƙasar Benin ta yau. Abin da ake saye da wannan taba kuwa mutane ne. Dubban bayi aka musanya da ganyen da masu shi suka raina, don kawai an shafa masa zaƙi.

Ruwan da ke cikin kwalbar shisha ma ya yaudari mutane da yawa, gama ana cewa yana wanke hayaƙin. Ruwa yana sanyaya hayaƙi, amma yawancin gubar yana wucewa. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a kan wannan. Mai shan sigari yakan yi zuƙa 8 zuwa 12 cikin minti 5 zuwa 7. Mai shisha kuwa yakan zauna minti 20 zuwa 80, ya yi zuƙa 50 zuwa 200, kowace kuwa mai zurfi ce, har hayaƙin da zai shaƙa a zama ɗaya ya iya kai na sigari 100 ko fiye. Nikotin, wanda shi ne ke kama mutum ya kasa dainawa, yana nan a ciki. Bugu da ƙari ga gawayin, wanda ke fitar da wata iskar guba marar launi marar wari da ake kira kabon monoksaid. Jini yakan kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, shi ya sa mai sha kan ji ciwon kai da jiri, wani har ya suma. A ɗakunan Nima, inda gida ke manne da gida kuma taga ba ta da girma, wanda ke barci a gefe ma yana samun rabonsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Har wa yau tiyo ɗaya ke zagaya bakuna biyar ko shida, hanya ce kuwa ta yaɗa cuta.

Abin da ya fi damun iyaye shi ne waɗanda ƙamshin ya jawo. A zango, budurwar da aka gani da karan sigari ta sayo wa gidansu magana. Shisha ba ta ɗauki wannan kunya ba, ana ma ɗaukar hoto da ita a wurin biki. Binciken da aka yi a makarantun Gana a 2017, a kan yara 'yan shekara 13 zuwa 15, ya nuna 'yan mata sun fi samari shan shisha.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a Maamobi, wadda mijinta ya yi aikin gadi har ya rasu, lofensa kuwa bai rabu da bakinsa ba. Ta sha tarinsa na dare shekaru masu yawa, tana kuma alfahari cewa ba mai shigo mata gida da taba ta kasa ganewa. Jikarta, 'yar shekara 17, takan dawo daga wurin ƙawaye gyalenta yana ƙamshin tuffa, tsohuwa tana tsammani sabon turare ne. Sai da yarinyar ta dawo wata rana tana layi da ciwon kai, ƙawarta ta faɗi inda suka yini.

"Kaka, ai ba taba ba ce," in ji yarinyar. "'Ya'yan itace ne kawai da ruwa."

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To, kishiyata, kawo mini in ga irin 'ya'yan itacen da ake dafawa da garwashi a ka."

Da aka kawo, ta ɗebi kaɗan ta zuba a ƙwarya, ta wanke shi kamar mai rege shinkafa. Ruwa ya yi ja, danƙon ya tafi, aka bar yankakken ganye. Ta shanya shi a rana. Da yamma ta barbaɗa shi a kan garwashin kurfoti, ta kira yarinyar ta tsaya kusa. Da hayaƙin ya tashi, tsohuwa ta kaɗa kai ta ce, "Ga kakanki ya dawo." Yarinyar ta toshe hanci, ba ta kuma sake cewa 'ya'yan itace ba ne.

Hukumomi sun ga wannan hatsari. Amurka ta hana sigari mai ƙamshin 'ya'yan itace da na alewa a 2009, saboda yara yake jawowa. Tanzaniya ta hana shisha a 2016, Ruwanda da Kenya a 2017, Kamaru da Mali a 2022. A Gana, Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana a sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shan ta a wuraren jama'a sai inda aka keɓe. Shisha taba ce, saboda haka dokar ta shafe ta. Amma doka ba ta shiga kowane lungu, ba ta kuma kwana a ɗakin kowa. Wanda ke kwana a gidan shi ne zai fara ji.

Saboda haka ya kamata iyaye su sake koya wa hancinsu aiki. In ƙamshin tuffa ko na inabi ya kama gyale ko riga, alhali ba a sayo ko ɗaya a gidan ba, lokacin tambaya ya yi. Tambayar kuwa ta fi amfani in an yi ta cikin natsuwa, gama duka da zagi sukan koya wa yaro ɓuya ne kawai. Mai magana ya san abin da yake faɗi: abin da ke cikin kwalin, aikin gawayin, da abin da ruwan ba ya iya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya kamata kuma a tuna abin da ke kai matasa wurin tukunyar. Da yawansu ba hayaƙin suka fara nema ba. Saurayin da bai sami aiki ba, wanda ɗakinsu ya cika da ƙanne, yana neman inda zai zauna a yi hira da shi, a ɗauke shi mutum. Zango ya daɗe da sanin maganin wannan, gama butar ataya ɗaya takan riƙe majalisa har dare ya raba, kowa kuma ya tashi da ƙafarsa. Ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata a ikkilisiya, da takwarorinsu na masallatai, da sarakunan zango, duk suna da ikon buɗe irin waɗannan wuraren zama, su kuma gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayani da Hausa. Wanda ya riga ya kamu, a taimake shi da haƙuri, gama nikotin ba ya sakin mutum a rana ɗaya. Wanda kuwa ƙamshin ne ya ja shi, kuɗin zama ɗaya na shisha ya isa ya sayi abarba ko kankana a kasuwar Nima, ya yanka wa dukan majalisa.